Ƙamus ɗin Merriam-Webster da baƙin kalmomin Turanci: ma'ana ta fita, furuci sai an kula

Mai karanta jaridar Turanci ko hukuncin kotu ya san inda ake yawan tuntuɓe. Alƙali ya ɗage shari'a sine die, lauya ya samo umarni ex parte, mai sharhi ya ce maganar ta zama fait accompli. Biyun farko Latin ne, na ukun Faransanci, duk Turanci ya aro su ya bar su da rigarsu ta gida. Ƙamus ɗin Merriam-Webster, shafinsa na intanet da manhajarsa ta waya, na cikin wuraren da ake duba irin waɗannan kalmomi kyauta, kuma a kan wannan aikin kaɗai za a auna shi a nan.

Kamfanin na garin Springfield ne a jihar Massachusetts ta Amurka. Ya samo asali daga 'yan'uwa biyu, George da Charles Merriam, da suka sayi haƙƙin buga ƙamus ɗin Noah Webster bayan rasuwarsa a 1843, kuma shafinsa na intanet ya fara aiki a 1996. A riƙe wannan asali a zuciya, domin kusan duk nakasun da za a ambata daga nan ya taso.

Yin amfani da shi ba wuya. A rubuta jimlar gaba ɗaya, kada a raba ta. Wanda ya nemi sine ita kaɗai zai faɗa kan kalmar lissafin kusurwa, alhali sine die na nufin ɗage zama ba tare da sa ranar dawowa ba. Ba dole sai an sa alamomin da Faransanci ke ɗorawa a kan wasali ba, amma akwai inda rashinsu ke haɗa kalmomi biyu: resume kan zo da ma'anar ci gaba da abin da aka tsayar, sannan da résumé, takardar tarihin karatu da aiki. A duba wacce ake so kafin a kwafa. Yawanci kalma tana zuwa da furucinta, ma'anarta, misalai, harshen da ta fito, da shekarar da aka fara ganinta a rubuce cikin Turanci. Kalmomin shari'a kuma galibi suna da ƙarin bayani na lauyoyi can ƙasa, wanda mai gaggawa kan wuce bai gani ba.

Inda ƙamus ɗin ya ci tuta shi ne yana faɗin abin da kalma ke nufi a bakin masu Turanci yau, ko da ta kauce wa ma'anarta ta gida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Yamai, waɗanda suka yi boko da Faransanci, su ne wannan ya fi amfana, don sanin Faransancin nasu ne kan yaudare su. Entrée a Faransa abin buɗe ciki ne da ake ci kafin babban abinci, a gidan abincin Amurka kuwa ita ce babban abincin kanta. À la mode a Faransanci abin yayi ne, amma in Ba'amurke ya sa ta bayan sunan wainar zaƙi, yana nufin an ɗora mata askirim. Résumé a Faransanci taƙaitawa ce kawai. Masu kallo a Ingila da Amurka kan yi ihun encore in suna son mawaƙi ya ƙara, Faransawa da kansu bis suke cewa. Double entendre, magana mai harshen damo, Faransancin yau ma ba ya amfani da ita. Wanda ya fassara waɗannan daga Faransanci kai tsaye zai yi kuskure yana ganin daidai yake.

Yana kuma taimakawa wajen jam'i da jinsi, wuraren da masu rubuta wasiƙar ofis ke yawan zamewa. Criterion ɗaya ne, criteria jam'i. Haka phenomenon da phenomena. Tsohon ɗalibi alumnus ne, tsohuwar ɗaliba alumna, taronsu alumni. Fiancé saurayin da aka yi wa baiko ne, fiancée budurwar, harafi ɗaya ya raba su, kuma ana ganin an musanya su a katin gayyata. Da i.e. da e.g. ma ya bambance: ta farko daga id est, wato "ma'ana", ta biyu daga exempli gratia, wato "alal misali".

Sashen asalin kalma gajere ne amma yana da daɗin bi, musamman ga mai ɗan Larabci. Algebra daga al-jabr take, magazine daga makhazin, rumbunan ajiya, alcohol kuma daga al-kuhl, wato kwalli. Layi biyu ko uku ne kawai. Mai son doguwar hanyar da kalma ta bi gara ya leƙa Etymonline, shafin da Douglas Harper ya buɗe a 2001, sai dai shi tarihi yake bayarwa, ba a dogara da shi wajen ma'anar yau.

Matsala ta farko ita ce furuci. Muryar da ake ji ta Amurka ce, alamomin furucin kuma na kamfanin ne, ba na IPA, tsarin alamomin furuci na duniya, da ake koyarwa a makarantunmu don jarrabawar furucin Turanci ta WAEC ba. A tsarin kamfanin, harafin i mai layi a kansa "ai" ake karanta shi, harafin a mai layi kuma "ei". Ɗalibin da ya saba da IPA zai karanta su a matsayin dogon wasali, ya fito da wata kalma dabam. A sine die ya kawo furuci biyu, na Turanci mai kama da "saini dayi" da na Latin mai kama da "sine diye", bai kuma ce ga wanda ake yi a kotun Legas ko ta Kano ba. Mai shirin jarrabawa ko karanta labarai a rediyo ya haɗa da shafin Cambridge, wanda shi ma kyauta ne, yana ba da muryar Ingila da ta Amurka gefe da gefe tare da IPA.

Ta biyu ta fi nauyi. Bayanin shari'arsa na kotunan Amurka ne. Inda alƙalin Amurka zai ce ya yi abu sua sponte, wato don ra'ayin kansa ba wanda ya roƙa, kotunan Najeriya suo motu suke cewa. Ƙamus ɗin zai gaya maka nolle prosequi janye ƙara ne daga ɓangaren mai gabatarwa, amma ba zai ce a Najeriya ikon na Antoni Janar ne ba, na tarayya a sashe na 174 na tsarin mulkin 1999, na jiha a sashe na 211. Zai ce ex parte sauraron ɓangare ɗaya ne, bai shiga batun cewa irin wannan umarni yawanci na wucin gadi ne kafin a ji ɗaya ɓangaren ba. Ɗan jarida zai samu abin da zai fahimci labari, ɗalibin lauya kuwa bai kamata ya tsaya nan ba.

Misalan jimloli na baya-bayan nan na'ura ce ke tsinto su daga jaridun intanet, yawanci na Amurka, don haka wani misalin kan fi kalmar wuyar ganewa. Manhajar kyauta tana da talla, kuma a ƙaramar waya yakan cinye wuri. Ma'anoni suna buɗewa ko babu data, amma jin furuci da neman kalma da murya sai da intanet.

Kalmomin da Turanci ya aro daga wajenmu kuwa, ƙamus ɗin Oxford babba ne ya fi bin sawunsu. A 2020 ya shigar da Kannywood, buka da okada, a rukunin da aka sanar a farkon 2025 kuma suya ta shiga. Sai dai cikakken bayaninsa na masu biyan kuɗi ne, ko waɗanda laburaren jami'arsu ya yi rajista.