Longwood: benen da yaƙi ya tsayar da gininsa

Ƙanwata da ke karatu a Amurka ce ta nace sai mun biya Natchez, a jihar Mississippi, mu ga gidan Longwood. Na yanki tikiti ba tare da wani ɗoki ba. Amma da muka fito daga cikin itatuwa na hango ƙubbar da ke samansa, ban san lokacin da na ce "ikon Allah!" ba, don sai ka rantse masallaci ne.

Ginin jan bulo ne mai kusurwa takwas, hawa shida. Wani attajirin manomin auduga, Haller Nutt, ya ɗauko mai zanen gini Samuel Sloan daga Philadelphia, aka soma aiki a 1860. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, ƙwararrun maginan da suka zo daga arewacin ƙasar suka ajiye kayan aiki suka koma gida. Cikin ɗakuna 32 da aka tsara, tara kaɗai aka gama, duk a hawan ƙasa. Nutt ya rasu a 1864, matarsa Julia da 'ya'yanta suka ci gaba da zama a nan ƙasan.

Mai zagayawa da mu ta fara nuna mana waɗannan ɗakuna: gadaje, kujeru, hotunan iyali. Suna da kyau, amma irinsu ba wuya a samu a wasu tsofaffin gidajen garin.

Sama ne ya biya ni kuɗina. Kana hawa sai ka tarar da bango tsirara ba yaɓe, katako a gicciye, ka ɗaga kai ka hango har cikin ƙubba. Kayan aikin magina na nan inda aka bar su. Na daɗe a tsaye ina kallon bulon nan, domin bayi ne suka buga shi suka gasa a wannan fili, kuma Nutt ya mallaki ɗaruruwansu. Mutanenmu ne, baƙar fata, kuma guminsu ne ya tara dukiyar da ta ɗaga benen. Idona ya ciko.

Duk wanda zai je, ya je da safe. Mu da rana muka shiga, zafi da gumi suka galabaitar da mu. Daga nan kuma ya wuce Forks of the Road, inda kasuwar bayi ta garin take a da. Ba nisa a mota.