'Yar na'urar da na maƙala a ɗakin Inna saboda kaskon wuta

Jama'a akwai wata 'yar na'ura da na saya wa Innarmu bara da hunturu ya kama, na ce bari in faɗi yadda na ganta tunda ta cinye sanyi guda cur a ɗakinta. Fara ce, faɗinta bai wuce murfin ƙaramin kwano ba, batir biyu take ci irin na tocila, da ɗan gilashi a gaba mai nuna lamba. Aikinta ɗaya tak, ta shinshino iskar nan mai guba da ake ce wa kabon monoksaid ta kwarma ihu.

Kasko ne ya ja na saye ta. Inna ba ta iya barci a watan Janairu sai an zuba mata garwashi an kai ɗaki an rufe ƙofa da taga ruf saboda ƙura, kuma kusan kullum da asuba sai ta ce kanta na sarawa, ga jiri, wani lokacin har tashin zuciya, mu kuma muna ta cewa maleriya ce. Wani abokina ma'aikacin jinya ne ya ce min ku dubi kaskon nan. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri iska ba ta ishe shi ba to gubar nan yake fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, ba ta sa tari balle mutum ya farka. Jini kuma yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe oksijin sau 200 da ɗoriya, shi ya sa mutum zai kwanta lafiya lau ya wuce cikin barci. Ita ce ke kwashe iyali guda in an kwana da janareto a soro.

Kwana huɗu da maƙala ta, wajen ƙarfe uku na dare ta fara ƙara, wallahi har maƙota sai da suka ji. Na fito ko takalmi babu, na tarar lambar da ke nuna yawan gubar a iska ta haura 100, kaskon kuwa toka ce ta rufe garwashin, ko ɗigon hayaƙi ido ba ya gani. Na sa tsumma na fitar da shi tsakar gida, na buɗe taga, ina tsaye lambar ta dinga sauka. Inna ta ce "kai ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake kwana da kasko." Na ce Inna ki yi haƙuri, wancan ɗakin jinka ne iska na ratsa shi ta ko'ina, wannan siminti ne da silin da tagar gilashi. Ta yi shiru.

Abin da ban ji daɗi ba, mai shagon ya ce min tana jin yoyon gas na silinda, kuma ba gaskiya ba ne, wannan na'urarsa daban. Takardar bayanin ma duk Turanci ce da ƙananan rubutu. Sannan ku sani ba ta yin ƙara nan take in gubar kaɗan ce, a kan 50 tana iya kai awa guda ko fiye kafin ta yi, a kan 300 kuwa cikin minti 3. Kuma tana tsufa, yawanci shekara 5 zuwa 10, ku duba kwanan watan da ke bayanta kafin ku biya, ku danna maɓallin gwaji a gaban mai shago.

Kar kuma wani ya ɗauka in ta yi shiru iskar gidansa ta gyaru. Ba ruwanta da ƙananan ƙwayoyin nan na hayaƙin icce a madafa, da ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele ta ƙasar Chadi, da hayaƙin adaidaita sahu da ƙona bola, waɗanda sun fi silin gashi siranta kusan sau 30 suna shigewa can cikin huhu har jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da yara da ke yini gaban murhu su suka fi shaƙa.

Amma dai a aikinta na ba ta maki mai kyau, kuɗina bai tafi a banza ba. Yanzu bayan isha'i ake ɗumama wa Inna ɗaki taga a ɗan buɗe, a fitar da kaskon kafin ta kwanta, na ƙara mata bargo, ciwon kan asuba kuma ya ɗauke. Ta biyu zan saya wa ƙanina, shagonsa na ɗinki janareto a bakin ƙofa yake yini.