Ƙwallon Gelik ko harlin? Ki sa shi a na ƙafar, Hajiya

Hajiya, sannu da hidimar yara. Takardar nan da yaronki ya kawo daga makaranta, wadda kulob ɗin 'yan Ayalan ke cewa ya zaɓi ƙwallon Gelik (ƙwallon ƙafarsu ta gargajiya) ko harlin (wasansu na sanda da 'yar ƙwallo), irinta aka ba nawa shekara 6 da suka wuce a nan yammacin Landan, shi ma yana ɗan shekara 9. Ki sa shi a ƙwallon Gelik. Duka biyun na zuba wa kuɗi. Ɗaya har gobe ina sa masa albarka, ɗayan kuma kayansa na can bayan ƙofar sito, ko kallonsu ba na son yi.

Abin da na saya na Gelik bai taka kara ya karya ba: robar kare haƙora, safar hannu mai kama ƙwallo idan ana ruwa, sai ƙwallon kamfanin O'Neills. Takalmin da yake buga ƙwallon ƙafa da shi a makaranta shi ya ci gaba da sawa. Robar haƙoran ce kawai dole, domin tun 2013 aka wajabta ta ga yara, manya kuma daga 2014, kuma alƙalin wasa ba ya barin yaro ya buga babu ita. Ƙwallon kuwa fara ce, ɗinkinta kamar na ƙwallon raga, amma ta fi ta ƙwallon ƙafa nauyi. Da farko kocin ya ce in ɗauki mara nauyi ta ƙananan yara, wadda aka rubuta wa Quick Touch, da ya girma na saya masa lamba 4. Wannan lamba 4 ɗin ta sha ruwa, ta sha taɓo, ta kwana a lambun maƙwabta ba sau ɗaya ba, ta fasa mini tukunyar fulawa biyu, amma har yanzu ɗinkinta bai saki ba. Ƙanwarsa ce ke fama da ita yanzu.

Ranar farko da na kai shi fili na sha kunya. Ina tsaye a gefe sai na ga wani yaro ya rungumi ƙwallo yana gudu da ita, na ɗaga murya na ce hannu ne, alƙali bai gani ba ne? Iyaye suka yi ta dariya. Wata tsohuwa 'yar asalin gundumar Mayo ta Ayalan, wadda ta kawo jikanta, ta jawo ni kusa da ita, ta zuba mini shayi a murfin filas ɗinta, ta fara karantar da ni. Ana riƙe ƙwallo a hannu, amma bayan taku 4 sai ka buga ta a ƙasa ko ka sake ta kan ƙafarka ka dawo da ita hannu kana cikin gudu. Ba a jefa wa abokin wasa, sai dai a doke ta da hannu ko a buga masa da ƙafa. Ragar kamar harafin H take: in ta shiga ƙasa maki 3 ne, in ta bi ta saman sandar maki 1. Shi ya sa za ki ga an rubuta sakamako 1-12, wato ci ɗaya da maki 12, jimilla 15. Daga 2025 ma sun ƙara wata doka ga manya, wanda ya buga ta sama daga wajen da'irar mita 40 maki 2 yake samu. Tsohuwar nan ita ta zama malamata kusan shekara biyu, kuma ita ta fara tambayata ko yarona na cin naman da ake rabawa bayan wasa. Da na ce sai na halal, makon da ya biyo baya sai ga burodi da cuku da kifin gwangwani an ware masa a faranti daban, ba tare da an yi wani surutu ba.

A wurinta na fahimci yadda abin yake tafiya. Ƙungiya ɗaya ce ke riƙe da wasannin maza biyun, GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884. Na mata suna da nasu hukumomin, amma a kulob ɗaya ake haɗuwa. A Ayalan kowa kulob ɗin ƙauyensu ko unguwarsu yake bugawa, daga kulob-kulob ake zaɓar tawagar gunduma, gundumomi su kara a lardi, daga nan zuwa gasar ƙasa baki ɗaya da ake ƙarewa a filin Croke Park na Dublin mai cin mutum fiye da 82,000. Da suka fito ƙetare sai suka ɗauko tsarin nan kacokan suka dasa. Birtaniya a wurinsu lardi ce guda, an raba ta gunduma 7: Landan, Warwickshire, Lancashire, Yorkshire, Hertfordshire, Gloucestershire da Sikotilan. Kulob ɗin da ya aiko miki takarda yana ƙarƙashin hukumar Landan ne, wadda babban filinta, McGovern Park, ke Ruislip. Kuma babu mai karɓar albashi cikin 'yan wasa. Kocin yarona magini ne, da kayan aikinsa a bayan mota yake zuwa atisaye.

Abin da ya sa na ce miki Gelik ba arha kaɗai ba ce. A ƙetare, ƙwallon Gelik ce ke da jama'a. Kulob-kulob ɗin da ke da ita a Landan sun fi na harlin yawa nesa ba kusa ba, don haka wasannin mako ba sa nisa, kuma ba a cika soke su saboda yara ba su cika ba. Sannan yaro na ganin inda hanyar ta nufa da idonsa. Tun 1975 tawagar Landan ke shiga gasar manya ta lardin Connacht, tamkar wata gunduma ta yammacin Ayalan, kuma gundumomin lardin 5, wato Galway, Mayo, Roscommon, Sligo da Leitrim, su ke zuwa Ruislip bi da bi. Ranar da suka zo, unguwar cika take yi da masu tutoci, wasu sun tsallako teku, wasu an haife su a nan amma zuciya na can. A 2013 Landan ta doke Sligo, ta doke Leitrim bayan an sake wasa, ta kai wasan ƙarshe na lardin, inda Mayo ta lallasa ta. Tsohuwar nan ta ce ranar rasa wanda za ta goya wa baya ta yi. New York ma haka take, tun 1999 take shiga Connacht, filinta shi ne Gaelic Park da ke Bronx, kuma sai a 2023 ta samu nasarar farko, a kan Leitrim, da bugun fenariti.

Na yara kuwa, ki jira watan Yuli. Akwai gasar da suke kira ABC a Greenford, nan yammacin Landan, kwana da kwanaki ana yi, yara fiye da dubu daga makarantu da kulob-kulob na faɗin Birtaniya, har daga Glasgow ake cika motoci a zo. Shekarar farko da muka je, na yi tsammanin yarona kaɗai zan gani baƙar fata. Sai ga 'ya'yan Somaliyawa, 'yan Poland, Indiyawa, har da wasu 'yan mata da hijabi da dogon wando ƙarƙashin gajeren. A nan ya ci makinsa na farko a gasa, da ƙafar hagu ma, ya juyo yana nemana cikin jama'a. Lambar ƙarfen da aka ba su tana rataye a falo har yau, ta yi tsatsa amma ya hana a taɓa.

Harlin fa? To, ba zan ci amanarsa ba, wasa ne mai kyan kallo, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2018. Iyakar yabon da zan iya ke nan. Ki ɗauka ƙwallon gora ce amma a sama ake bugawa, da sanda mai faffaɗan baki da wata 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse. Yaron da bai tashi da sandar a hannu yana dukan bango kullum ba, yakan yi wata da watanni bai iya ɗaga ƙwallon daga ƙasa ba, alhali a Gelik duk wanda ya taɓa buga ƙwallon ƙafa ranar farko yake shiga wasa. Nawa ya yi kaka ɗaya, mafi yawanta a benci, ga doguwar tafiya saboda ƙarancin abokan karawa, ya ce shi ya haƙura. Manyansu na ƙoƙari, ban musa ba: Landan ta ci kofin Christy Ring a 2012, Warwickshire ta ci na Lory Meagher a 2013 da 2017, amma duk gasanni ne na ƙasa da na manyan gundumomi irin su Kilkenny da Cork.

Kuɗin da na yi asara ne ya fi ci mini rai. Hular kwano mai ragar fuska dole ce a harlin ga kowa tun 2010, kuma sabuwa ita kaɗai ta fi duk kayan Gelik da na lissafa miki tsada. Sai na ce bari in yi dabara, na sayi kwance wurin wani mutum a intanet, hula da sanda a haɗe. Hoton tas. Da kocin ya juya hular sai ya ce babu tambarin IS 355, wato alamar ingancin da ake buƙata, kuma an yanke ƙarfe ɗaya daga ragar fuskar don mai ita ya riƙa gani sosai. Ta nan ƙwallo ko bakin sanda ke shiga ido. Ya hana yaron sawa, kuma ya yi daidai. Sandar kuma ta babba ce aka datse mata gindi, ta bushe ƙayau, a atisaye na uku ta tsage biyu. Na koma neman mutumin, ya goge shafinsa.

In yaronki ya nace sai harlin, kar ki sayi komai a wata na farko, kulob na ba da aron hula da sanda. In za ki saya, ki je da shi: ya tsaya ya saki hannu, kan sandar ya zo daidai wuyan hannunsa. Kuma ki sani itacen ash da ake sassaƙa ta da shi ya yi wuya tun da wata cuta ta faɗa wa bishiyoyin a Ayalan a 2012, shi ya sa masu haɗa ta da kowane irin katako suka samu kasuwa. Akwai ta roba, akwai ma ta gora ta gaske yanzu, su ba a ɓoye abin da aka yi su da shi.

Ba ki tambaya ba, amma ga wasu biyu. Kuɗin rajista ki biya ta manhajar GAA mai suna Foireann ko hannun magatakardan kulob, ki karɓi shaida, domin rajistar ce ke sa a kula da yaro in ya ji rauni. Sannan duk wanda ya ce miki shi dillali ne, zai sama wa yaro ko wani ɗan uwa da ke gida kwantiragi da biza ta hanyar wannan wasa, ɗan damfara ne, tunda babu kwantiragi a wasan da ba a biyan kowa. Haka mai tallar tikitin wasan ƙarshe na Croke Park a intanet: ta hannun kulob-kulob da hukumomin gundumomi ake raba su, ba a kasuwa ba.

Na tuna kin taɓa cewa wataƙila a mayar da Alhaji aiki Dubai ko Riyad. Can ma akwai kulob, sai dai da mutum 9-9 ake bugawa maimakon 15, a Turai kuma yawanci 11-11 a filin ƙwallon ƙafa ko na zari-ruga, a tattaru a gari ɗaya a yi gasa a yini guda. A Abu Dhabi ma aka fara gasar duniya ta GAA a 2015, ta 2023 kuma aka yi ta a Derry. Duk inda kuka sauka, ƙwallon Gelik za ki fara tararwa kafin harlin.

Ki cike takardar ki sa masa Gelik, ki saya masa robar haƙora ta yara wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta ɗauki siffar baki. Ƙwallo kar ki saya tukuna, mara nauyin da yarona ya fara da ita tana nan, da safar hannu biyu da suka yi masa kaɗan. In za ki zo walimar ranar Asabar zan taho miki da su. Ki gaida Alhaji da yara.