Yaya, ga labarin filayen ƙwallon Maroko

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da uwargida da yara, da ɗaukacin mutanen Badariya. Ina gajiyar girbi? Allah ya sa shinkafar bana ta yi auki. Mu nan Sale, kusa da Rabat, sanyi ya kama, irin mai ratsa ƙashi da ke tasowa daga teku, ga yayyafi safe da yamma.

Abu biyu ka tambaye ni: kuɗin takalman ƙwallo na yaran da kake horarwa, da kuma ko abin da ake nunawa a talabijin na filayen ƙasar nan gaskiya ne. Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Takalmi sabo na asali a manyan shaguna yana da tsada, in ka juya kuɗin zuwa naira sai ka mayar da shi inda ka ɗauko. Gwanjo kuwa akwai shi jibge a kasuwar tsohon gari, yawancinsa daga Turai, kuma mai kyau ne. Amma in aka ɗora kuɗin aike, bai fi na babbar kasuwarmu araha da wani abin kirki ba. Haka sauran kaya suke, wani mu fi su, wani su fi mu. Burodinsu na yau da kullum dirhami ɗaya ne da 'yan canji, sardin ma talaka na ci ya ƙoshi. Haya ce ke cinye albashi. Shinkafa kuwa ban ci wadda ta kama ƙafar tamu ba, kuma tun da na zo bakina bai ga kifi mai daɗin na Yawuri ba. Inda suka yi mana nisa shi ne abin da jama'a ke mora tare: wuta ba ta ɗaukewa, famfo na zuwa, jirgin ƙasa na cikin gari da ke haɗa Sale da Rabat tun 2011 yana zuwa a kan lokaci.

Abin da ya tsaya mini a rai game da takalmin shi ne daɗewarsa. Wanda na saya gwanjo shekara biyu da suka wuce har yau da shi nake buga wasa duk Lahadi, haƙoransa ba su cinye ba. Ka san irinsa a filin makarantar da kuke atisaye ba ya kai damina biyu, tsakuwa da busasshiyar ƙasa sun gama da shi. Takalmi ɗaya ne, ƙasar da ake takawa ce ta bambanta.

A unguwarmu akwai ƙaramin fili mai ciyawar roba, an kewaye shi da waya, da fitilu a kan dogayen ƙarafa. Ire-irensa suna da yawa a unguwannin garin, suna ce musu filayen kusa da gida. Ba wani abin kallo ba ne, ko wurin zaman mutum hamsin babu. Sai dai akwai mai gadi da ke riƙe da littafin jerin masu wasa, akwai wurin canza kaya da famfo, raga in ta yage ana sauyawa. Muna haɗa kuɗi mu kama awa ɗaya, abin da kowa ke bayarwa bai kai kuɗin abincin rana ba. Da yamma yara ƙanana ne da kocinsu, bayan isha sai ma'aikata da 'yan kasuwa, har dare ya raba fitila na ci. Na taɓa tsayawa ina kallon wasu yara da ba su wuce shekara tara ba suna ba juna ƙwallo a ƙasa, tana tafiya sumul kamar an ja zare. Sai na tuna yadda muka koyi tamu. Mu ƙwallo ba ta taɓa zuwa mana inda muka zata, kullum sai ta yi tsalle a kan wani dutse, shi ya sa muka taso da dukanta sama da gudu. Ka tuna ramin da ya karya mini gwiwa ina aji biyar na sakandare. Da a ce an cike shi da yashin da bai wuce baro biyu ba, da wataƙila labarina ya zama daban.

Manyan filayen kuwa gani ya kori ji. Filin Yarima Moulay Abdellah na Rabat an rushe shi ƙurmus a 2023, aka sake gina shi, aka buɗe a watan Satumba na 2025, yana ɗaukar mutum sama da 68,000. Shekara biyu kacal. Ina wucewa ta wurin lokacin aikin, dare da rana injuna ba su tsaya ba, don kuɗin bai tsaya ba. Tikiti a waya ake saye, lambar kujerarka na jiki, akwai bayan gida na maza da na mata, motar asibiti na tsaye a gefe. A ƙarshen 2025 ɗin nan da nake rubuto maka ana ta shirin gasar cin kofin Afirka da za a fara ranar 21 ga Disamba, kuma su ne za su karɓi gasar duniya ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal.

Wasan farko da aka buga a sabon filin da maƙwabtanmu Nijar ne, aka ci su 5-0. Na je tare da wani abokina mutumin Dosso. Ba cin ne ya fi ƙona masa rai ba. A watan Maris, da ya kamata Maroko ta je Yamai, Nijar ce ta tattaro ta zo garin Wujda ta karɓi baƙuncin Maroko a cikin Maroko, saboda filinta bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ba. Gida da waje duk a gidan abokin karawa. Ya ce mini ƙaninsa da ke Yamai yana son ƙwallo kamar ransa, amma 'yan wasan ƙasarsa a waya yake ganinsu. Haka Binin, ɗaya maƙwabciyar tamu: da ta ci mu 2-1 a watan Yuni na 2024, a Abidjan aka buga, alhali ita ce mai masauki. Ƙasar da ba ta da fili tana biyan jirgi da otal da hayar filin wasu, kuɗin ƙofa kuma ba ta samu, ga 'yan wasanta ba mai yi musu ihu. Kuɗin da aka ƙi kashewa a gyara, ana kashe ninkinsa a yawo.

Kada mu yi musu dariya, Yaya, mu ma saura ƙiris. Duk wasanninmu biyar na gida na neman zuwa gasar duniya ta 2026 a Uyo aka buga su, uku daga ciki kunnen doki, da Lesotho da Afirka ta Kudu da Zimbabwe. Daga Birnin Kebbi zuwa Uyo ya haura kilomita 1,000. Wane yaro daga cikin naka ne zai je? Filin Surulere na Legas, inda muka ci Aljeriya 3-0 muka ɗauki kofin Afirka a 1980, an bar shi shekara da shekaru yana lalacewa. Na Abuja da aka buɗe a 2003 mai ɗaukar mutum 60,000, sai da Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ciyawarsa a 2020, bayan haka kuma ba a daɗe ba aka koma kukan ciyawar. Kano ta karɓi wasannin kofin Afirka a 2000, Kano da Kaduna sun karɓi na duniya na matasa a 1999 da 2009. Waɗanda suka kalli wasannin nan da idonsu suna yara yau su ne iyaye, 'ya'yansu kuwa ba su ga irinsa a arewa ba.

Na daɗe ina tunanin me ya sa ciyawa ke gagarar mu. Mu ne fa muke noman shinkafa da rani a fadamar Argungu da Suru, a tsakiyar zafin Maris, da injin ban ruwa da rijiyar burtsatse. Manomin da ya san ranar ba ruwa da ranar zuba taki ba zai kasa raya ciyawar fili ɗaya ba. Bambancin shi ne gona tana da mai ita, wanda in ta bushe shi zai kwana da yunwa. Filin gwamnati kuwa ana ba da kwangilar gina shi, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, sai a watse. Kuɗin man injin, da albashin mai yanka ciyawa, da gyaran famfo, ƙananan kuɗi ne da ake buƙata kowane wata, kuma su ne ba sa fitowa. Ko na ginin ma, sa shi a kasafi daban, sakinsa daban. A biya ɗan kwangila kashi na farko, na biyu ya maƙale, ya kwashe ma'aikatansa. Kafin a waiwayo gwamnati ta canza, ko naira ta faɗi. Ka ga dai yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, alhali ciyawar roba da fitilu da kujeru duk daga waje ake shigo da su. Aikin da aka jinkirta shekara biyu sai ya nemi ninkin kuɗinsa, abin da aka riga aka gina kuma rana da ruwa sun fara cinsa.

Na ga cece-kucen da aka yi a watan Oktoba na 2025, da FIFA ta sa hoton ƙaramin filinmu na Birnin Kebbi a shafinta, mutane suna tambaya ko abin da kusan dala miliyan 1.2 za ta gina ke nan. Tambayar tana kan hanya, kuma ya kamata a fito da lissafi dalla-dalla kowa ya gani. Ni abin da ya fi damuna lokaci ne. An aza harsashinsa a 2020, aka buɗe a 2023, takwaransa na Ugborodo a jihar Delta ma ya fi shi jan ƙafa. Yaron da ke da shekara 12 ranar aza harsashi ya kai 15 ranar buɗewa, kuma waɗannan shekaru ukun su ne ƙafa ke koyon abin da ba za ta sake koya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan ciyawar roba ba ta har abada ba ce, shekara takwas zuwa goma take yi in ana share ta ana ƙara mata ɓarɓashin roba. Da rana tsaka a zafinmu tana ƙuna har ta cikin takalmi, don haka in ba fitilar dare, rabin amfaninta ya tafi. Shin an ware kuɗin wannan? Kai da kake kusa, don Allah ka bincika mini. Fili ɗaya kuma ba zai ɗauki Kebbi United da makarantu da ƙungiyoyin unguwa ba, balle yaran Jega da Zuru da Kamba.

A nan Sale makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida take, wadda aka buɗe a 2010. Yara na kwana a ciki, suna karatu, suna atisaye, da likitocinsu. Daga nan Youssef En-Nesyri ya fito, wanda ya ci Fotugal da ka a Ƙatar a 2022, ya kai su wasan kusa da na ƙarshe, matakin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa kaiwa ba. Nayef Aguerd da Azzedine Ounahi ma 'yan makarantar ne. Shekara 12 suka jira kafin su ga wannan rana. A 2025 kuma matasansu 'yan ƙasa da 20 suka ci Ajantina 2-0 a Chile suka ɗauki kofin duniya. Gaskiya ne da yawa daga taurarinsu a Turai aka haife su, Hakimi a Madrid, Ziyech a Holan. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, sun daɗe suna shiri. Mu da muka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, ba baiwa muka rasa ba.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. A ƙarshen Satumba na 2025 matasa sun fito zanga-zanga a garuruwa da dama, suna cewa ga filaye an gina, ina asibitoci, bayan mutuwar wasu mata masu haihuwa a wani asibiti a Agadir. Maƙwabcina dattijo, mai son ƙwallo ne na gaske, ya ce da ni yana alfahari da sabon filin, amma matarsa ta yi watanni tana jiran ganin likita. Na ji maganarsa har cikin raina. Shi ya sa ba na roƙa wa Kebbi fili mai kujera dubu sittin. Jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da ambaliya da matsalar tsaro tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Abin da nake kwaɗayi irin na unguwarmu ne: fili mai laushi a kowace ƙaramar hukuma, da rijiya, da fitila mai aiki da hasken rana, da mutum ɗaya da ake biya a kan kari don ya kula da shi.

Ranar 16 ga Nuwamba na 2025 ina cikin 'yan kallo a Rabat da Kwango ta fitar da mu a bugun fenariti. Karo na biyu ke nan a jere ba za mu je gasar duniya ba. A watan Yuli a Rabat ɗin na yi ihu har muryata ta dishe, da matanmu suka farke ci biyu suka doke Maroko 3-2. A daren Nuwamba kuwa shiru na dawo gida, ina ta tunanin yaranka da filin makarantar.

Ga abin da na yanke. Takalmi ƙafa goma zan aiko ta hannun wani ɗalibi da zai zo hutu, masu ƙananan haƙora, don su ne suka dace da busasshiyar ƙasa, masu dogaye suna murɗe idon sawu. Ka auna ƙafar yaran ka turo mini lambobin kafin Juma'a. Sauran kuɗin da na tara ba zan sayi riguna da su ba kamar yadda muka yi magana. Ka nemi izinin shugaban makarantar, a kawo yashi tifa biyu, a tsince tsakuwar, a cike ramukan gefen ragar gabas, a sami mai walda ya gyara turakun. In iyayen yara za su iya haɗa wani abu duk wata a ba wani ya riƙa sharewa yana yayyafa ruwa, ni zan ɗauki rabi. Ka gaida Inna, ka ce mata man zaitun ɗinta yana cikin kayan.