Wata 5 ina shan garin ispagula bayan an yanke mini hanji

Ranar da likita ya rubuta mini wannan gari a takarda, raina bai so ba, kuma ban ɓoye masa ba. Na je masa da kukan cewa ina zaga banɗaki sau 8 zuwa 10 a yini, ga ciwon wurin ɗinki ya ƙi barina, sai ya miƙo mini sunan abin da na san masu taurin bayan gida ne ke nemansa a kemis. Na ce, "Likita, ni da nake neman abin da zai tsayar, shi ne za ka ba ni na sakin ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ba shi sati 3. In bai yi ba, ka dawo ka yi mini faɗa." Ban koma faɗa ba, amma kuma ba duk abin da na sa rai na samu ba.

Ni malamin sakandare ne, na haura shekara 50. Hanjina ne ya murɗe. Ƙarshen babban hanji, wanda ke kwance ta ƙasan ciki a ɓangaren hagu, shi ne ya juya ya naɗe kansa kamar yadda ake murɗe bakin leda za a ƙulle. Kwana 2 na yi ba bayan gida, ba ko iska, ciki ya ɗaure kamar ganga, ana ta ɗura mini jiƙon basir da ruwan kanwa. Kafin a kai ni asibiti wannan yanki ya riga ya mutu, sai yankewa. Aka fito mini da bakin hanjin ta gefen ciki ana manna jaka, irin aikin da likitoci ke kira da sunan Hartmann, wani likitan Faransa da ya bayyana shi a 1921. Na zauna da jakar wata 5, sannan aka sake shiga da ni tiyata aka haɗe hanjin. Da na farka na shafa cikina na ji ba jaka, sai da na yi hawaye. Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, babban hanji, wanda tsawonsa ya kai mita 1 da rabi, aiki biyu yake yi. Yana tsotse ruwan da ƙaramin hanji ke zubo masa, kimanin lita 1 da rabi kullum, sannan ƙarshensa ya riƙe abin da ya rage har lokacin fita ya yi. To ni ma'ajiyar ce aka cire, guntun da ya rage a ƙasa kuma ya yi wata 5 yana zaman banza. Shi ya sa abin ke zuwa guntu-guntu, ruwa-ruwa, ba sallama. In na ci abinci, kafin in wanke hannu ciki ya fara kira. Ina cikin darasi sai in ajiye alli in ce wa monita ya riƙe aji. A masallaci na koma sahun ƙarshe, bakin ƙofa, Juma'a kuwa na yi makonni ban je ba. Limamin unguwarmu ya kwantar mini da hankali a kan hukuncin mai larura, Allah Ya saka masa, sai dai hukunci daban, kunya daban.

Shi wannan gari ɓawon irin wata ciyawa ne da aka fi nomawa a Indiya, musamman jihohin Gujarat da Rajasthan, can suna ce masa isabgol. A kwalin kemis za ka ga an rubuta ispaghula ko psyllium, duk abu ɗaya ne. Na gwada kala biyu. Akwai na 'yan ƙananan fakiti, kowanne giram 3.5, mai ɗanɗanon lemo, akwai kuma zallar ɓawon a gwangwani, fari-fari mara nauyi kamar dusar da aka tankaɗe, ba ɗanɗano ba ƙamshi. In ka zuba a kofi ka juya, daƙiƙun farko ruwa ne kawai mai ɗan duhu. Ka yi minti 1 kana waya, ya zama koko. Ka manta da shi minti 5, cokali zai tsaya a ciki, ka kifa kofin ya faɗo a dunƙule. Ranar farko uwargida ta leƙa kofin ta ce, "Malam, wannan ai yauƙin kuɓewa ne aka sayar maka da tsada." Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Wannan yauƙin shi ne duk sirrin: yana kame ruwa ya riƙe shi har ƙarshen hanji. Mai taurin ciki ya samu laushi, mai zawo irina kuma ruwan da ke yawo ya samu abin da zai tattara shi wuri guda. Da an yi mini wannan bayani tun farko, da ban yi wa likita gardama ba.

Satin farko bai yi daɗi ba, kuma laifina ne. An ce in fara da rabin fakiti sau ɗaya a rana, ni kuwa na karanta jikin kwali na ga fakiti guda safe da yamma, na ce gara a yi ta ta ƙare. Ciki ya kumbura, iska ta dame ni, ƙugin cikina har na kusa da ni yana ji. Na koma rabin fakiti bayan karin kumallo, ina ƙarawa kaɗan duk bayan kwana 5, sai abin ya lafa. Yanzu kwatankwacin fakiti guda nake sha da safe, rabi bayan la'asar.

A sati na 3 na fara ganin bambanci, na kuma san haka ne domin ina rubutawa a bayan littafin shirin darasi. Daga sau 8 zuwa 10 ya sauko sau 5. Yau, bayan wata 5, yawanci sau 3 ne, biyu daga ciki kafin in fita aiki. Abin da ya fi yawan ma muhimmanci a wurina shi ne yadda yake fita a haɗe, a gama a tashi. A da sai in fito in yi alwala, kafin in shimfiɗa darduma in ji kamar da saura, in sake komawa. Yawan tsarki har ya sa wurin ya saɓule yana raɗaɗi, buta ta zama abin tsoro. Wannan duk ya warke cikin wata guda. Sannan in kira ya zo yanzu ina iya riƙewa kamar minti 10, wanda ya ishe ni in ƙarasa bayani a allo in fita cikin mutunci. Mai lafiya ba zai gane darajar minti 10 ɗin nan ba.

Zancen ciwo kuwa, nan ne nake so wanda ke shirin saye ya saurara. Ciwo iri biyu nake fama da shi. Akwai murɗar da ke zuwa gab da bayan gida, ita ta ragu da kamar rabi, tunda zuwan ma ya ragu. Akwai kuma ɗaya, wanda ya fi ci mini rai, a tabon da jaka ta zauna da kuma ƙasan dogon ɗinkin da ya bi ta cibiya. Wani lokaci zafi-zafi kamar an goga barkono a ƙarƙashin fata, wani lokaci kamar an ɗaura zare a ciki ana ja. Yana tashi in na ɗago daga sujada, in na taka kik ɗin babur, in na yi atishawa ban dafe ba, ko dare ya yi sanyi. Garin ispagula bai taɓa wannan ciwo ba ko da ƙwayar zarra. Na yi wata 2 ina jiran ya taɓa, har na ƙara yawan da nake sha, ban samu komai ba sai kumburi. Da na koma asibiti likita ya danna wurin, ya sa na yi tari yana dafe da tabon don ya ji ko hanji na turowa ta ɗinkin, bai samu ba. Ya ce ƙananan jijiyoyin da wuƙa ta ratsa ne, da kuma mannewar da hanji kan yi da bangon ciki bayan an buɗe shi sau biyu, kuma irin wannan sai a hankali, wata da watanni. Ya hana ni diklofenak da ibuprofen da nake saye da kaina, ya bar ni da farasitamol, ya ƙara mini wata ƙwaya ta ciwon jijiya da ake sha da dare. Tiramadol da aka sallamo ni da shi tun farko ma na daina, domin yana kashe ciwon amma ya ɗaure ciki kwana 2, ranar da ya sake kuma sai an ji jiki. Yanzu ciwon ya yi sauƙi, amma ladan na ƙwayar dare ne da tafiyar ƙafa da nake yi bayan asuba, garin ba shi da kaso a ciki.

Sau ɗaya garin ya tsorata ni. Za mu je ta'aziyya Katsina, na ce bari in rage shan ruwa don kada in riƙa tsayar da mota. Na dama shi da ɗan ruwa a gindin kofi na haɗiye, na wuni ban ƙara ba sai kurɓi ɗaya. Kafin isha ciki ya ɗaure, ga nauyi a ƙasan mara, iska ta ƙi fita. Duk wanda hanjinsa ya taɓa murɗewa ya san wannan tsoro. Ƙanena ya kai ni asibiti cikin dare, aka ɗauki hoto, aka ce ba toshewa, aka ƙara mini ruwa, kafin asuba ciki ya saki. Sistar da ke aikin dare ta tambayi abin da na sha, na faɗa mata. Ta ce, "Haba Baba, da iliminka? Siminti ka kwaɓa a cikinka." Tun daga ranar ƙa'idata ruwan leda guda cur, rabin lita, ga kowane sha: rabi in dama, rabi in kora, sannan in ci gaba da sha cikin yini. Ranar da na san ba zan samu ruwa ko banɗaki ba, gara in tsallake shi gaba ɗaya. Ba na sha gab da kwanciya, kuma ina sa awa 2 tsakaninsa da maganin hawan jinina, tunda yauƙin kan riƙe magani ya hana jiki ɗauka yadda ya kamata.

Wannan ne ma ya sa ba na miƙa wa kowa gwangwanina in ce gwada. Kafin likita ya rubuta mini, sai da aka zura na'ura aka duba mahaɗin hanjin, aka tabbatar bai tsuke ba. Wanda nasa ya tsuke, ko wanda bai daɗe da fitowa daga tiyata ba, ko mai wahalar haɗiya, wannan gari na iya toshe shi. Wanda aka yi wa irin tiyatarmu da ya ga amai, ciki na kumbura, iska ta ɗauke, ko zazzaɓi, ko jini, asibiti zai nufa a daren, ba jiran safiya.

Akwai abubuwan da suka ba ni haushi. Na fakitin zaƙinsa ya yi yawa, bayan wata guda ko warin lemon ba na son ji, shi ya sa na koma zallar ɓawon, ina auna cokalin shayi. Takardar cikin kwali da ƙananan haruffan Turanci take, kuma kusan duk maganar taurin ciki take yi, mai irin matsalata zai karanta ya ce ba nasa ba ne. Ga tsada, tunda daga waje ake shigo da shi, duk motsin dala sai ka ji shi a kemis, wani lokacin ma ka zaga shago 4 ba ka samu ba. Na taɓa sayen na awo a ƙulle a leda wurin wani mai kayan ƙamshi don sauƙi, ba lambar NAFDAC ba ranar lalacewa. Wari yake kamar ya sha damina, ga ƙasa-ƙasa a gindin kofi. Kaji na zuba wa.

Kuma garin ba ya rufa wa kwaɗayi asiri. Ranar da na ci tsire da yaji, ko na sha fura da nono mai tsami, ko shayi mai kauri biyu a jere, sai na biya bashi da garin da babu. Tuwon shinkafa da miyar kuka, farar shinkafa, ayaba, dankalin Turawa, su ne ba sa faɗa da ni. Wake sai kaɗan, da rana. Loperamide, wato ƙwayar tsayar da zawo, likita ya yarje mini guda ɗaya in zan yi doguwar tafiya ko tsaron jarrabawa. Tana aiki cikin awa guda, abin da garin ba zai taɓa yi ba, amma ni washegari takan bar ni da murɗa, don haka a aljihu take zama.

Zan ci gaba da saye. Na koma Juma'a, na koma sahu na biyu, duk da har yanzu gefen bango nake zaɓa don in dafa in zan miƙe. Abin da ke gabana shi ne azumi, domin garin abu ne mai son ruwa, ga wuni ba sha. Mun yi da likita ba zan sha da sahur ba, sai dai sau ɗaya bayan na yi buɗa-baki na ci abinci, in bi shi da ruwa har zuwa tarawihi, kuma in fara gwadawa da nafila tun yanzu a ga yadda cikin zai karɓa. Litinin mai zuwa zan ɗauki na farko.