Sifirin na Sauke Mustang: Yadda Ake Zaɓe a Amurka da Abin da Titin Gida Zai Ɗauka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gareji. Tun da motocin Amurka Mustang da Challenger suka fara shigowa gida ta Legas da Kwatano, tambaya ta yi yawa a kan sifirin da ke sauke mota ƙasa. Ga yadda abin yake a nan jihar Ohayo.

Bambancin ya fara tun daga wajen saye. A Ƙofar Ruwa ko Panteka, tsohon sifirin ake ɗauka a je a gwada tsawo da kauri da ido. A nan, manyan shaguna irin su Summit Racing da JEGS sai ka faɗi shekarar mota, da injinta, da ko mai buɗaɗɗen rufi ce, sannan a fitar maka da lambar kaya. Mustang GT mai injin V8 na lita 5.0 ta fi mai EcoBoost na lita 2.3 nauyi a gaba, don haka sifirin iri ɗaya ba zai zaunar da su tsayi ɗaya ba. Wadda ke da shokozoba mai lantarki, wato MagneRide, ita ma nata daban ne.

Sai batun yawan saukewa. Pro-Kit na kamfanin Eibach yana sauke mota kamar inci 1 zuwa 1.5, Sportline ɗinsu kuwa yakan kai wajen inci 2. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma a ƙarƙashin motar da dama can ƙasa take, wannan ba kaɗan ba ne. Akwai sifirin mai taurin bai ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda masu tsere suka fi so don sun san yadda mota za ta amsa a kwana. Akwai kuma wanda yake farawa da laushi ya yi ta ƙara tauri yayin da ake danne shi. Za ka gane shi da zagayen ƙarfen da suka matsu a gefe guda. Na biyun ya fi dacewa da zirga-zirgar gari.

Inda mutane ke asara shi ne zaton cewa sifirin huɗu sun gama magana. Shokozoba na asali an yi shi ne don tsayin kamfani. Da an sauke mota, sai ya koma aiki a matse kusa da ƙarshensa, ga sifirin ya fi ƙarfinsa, motar ta riƙa tsalle, ba da jimawa ba ya fara yoyon mai. Idan ya riga ya tsufa, a canza shi tare da sifirin. Shokozoba na Bilstein B8 gajere ne da aka yi don wannan aikin. Tayoyin gaba kuma sukan karkata, samansu ya shige ciki, sai gefen ciki ya cinye alhali na waje kamar sabo. Maganinsa kusoshi ko faranti na gyaran kamba, wato wannan karkatar tayar, sannan alaimen bayan 'yan kwanaki, idan sifirin ya zauna.

Mustang ta 2005 zuwa 2014 tana da nata lamarin. Ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinta na baya, sandar Panhard ke riƙe shi daga gefe. Idan motar ta sauka, sandar takan tura ƙarfen gefe ɗaya, ka ga taya ɗaya ta leƙo waje, ɗayar ta shige. Dole a sa sandar da ake iya daidaita tsawonta. Daga 2015 aka raba tayoyin baya kowace da nata hannu, wannan matsalar ta kau.

Wajen ɗauri, ku ne da sauƙi. Makanike a nan da awa ake biyansa, sau da yawa fiye da dala 100, har kuɗin aiki ya kamo kuɗin kayan. Shi ya sa da yawa ke yi da kansu: AutoZone na ba da aron na'urar matse sifirin, ka ajiye kuɗi, ka dawo da ita a mayar maka. Kada a kwance notin saman shokozoba na gaba ba tare da ita ba, sifirin a matse yana iya karya fuskar mutum. Kusoshin bushin kuma sai nauyin mota ya hau kan tayoyi ake ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robar ta murɗe ta yage.

Yanke sifirin ko gasa shi da wutar walda, kamar yadda wasu ke yi, ina roƙonku ku bari. Zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, gefe ɗaya ya fi ɗaya zama.

Ra'ayina a kan titin gida: kada a wuce inci ɗaya. Tudun rage gudu na cikin unguwa da ramukan damina za su ci bambar gaba da salansa, wani lokaci har tukunyar man injin. Ku auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi kafin aiki da bayansa, a ƙasa mai lebur. Mai son a aiko masa, ya turo lambar shasin mota, wato VIN mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ya nemi sabo, domin gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin tsofaffin na wannan yankin da tsatsa.