Firam, Sanda ko Kujerar Bayan Gida: Me Za a Fara Saya Bayan Aikin Kwatangwalo?

Wanda aka canza wa ƙashin kwatangwalo, a Asibitin Ƙashi na Dala ne ko a ƙasar waje, yakan dawo gida aljihu ya riga ya jigata. Da yawansu kuma matasa ne masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ya lalace, ga aiki yana jiransu. Sayayyar sai da lissafi.

Ni a ganina kuɗin farko na kujerar bayan gida ne. Likitoci kan hana mai sabon kwatangwalo tsuguno, harɗe ƙafa da zama a ƙasa na mako 6 zuwa 12, don kada ƙashin ya goce, alhali masan gidajenmu yawanci na tsuguno ne. Ko na zama ne ma, sau da yawa ya yi ƙasa. Nemi mai hannuwan dafawa wadda ake ƙara wa tsayi, yadda in ka zauna gwiwa ba za ta haura kwatangwalo ba. Mai walda zai iya haɗa maka da arha, amma ka kai masa awon da mai gashin ƙashi ya ba ka, kada ya yi da ka. Kujerar salla da ta ofis ma awon ɗaya ne.

Firam, wato abin dogarawa mai ƙafa huɗu da ake dafawa da hannu biyu, ya fi komai riƙe mutum, sai dai ba ya hawa bene, kuma amfaninsa na ƴan makonni ne. Ara, ko ka sayi na hannu.

Sandunan hammata sun fi yawa a kasuwa, amma mai rataya nauyinsa a kansu yana danne jijiyar hannu har yatsu su dinga mutuwa. Masu zobe a gwiwar hannu sun fi daɗin shiga mota da zirga-zirgar wurin aiki, kuma daga baya ka ajiye ɗaya ka ci gaba da ɗaya. A ɓangaren ƙafar da ba a taɓa ba ake riƙe ta. Kana tsaye, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu. Duba robar gindinta, domin tayil mai jiƙa ba ya wasa.

Mai aikin tebur kan koma aiki bayan kamar mako 6, mai ɗaukar kaya ko doguwar tsayuwa kuwa wata 3 ko fiye. Acaba dai ka haƙura da shi har likita ya amince.